Alama ta Uku a Kwanar Gidan Ƙanƙara

"Wai wannan warin daga ina yake shigo mana?"

Umma ce ta yi tambayar tana toshe hanci da bakin mayafi, alhali ta san sarai daga inda yake fitowa. Baƙon da ke durƙushe a bakin ƙofar falo shi ma ya sani. Ya saci kallon ƙafar wandonsa, inda wani koren ruwa ya fallatsa masa har gwiwa, ya ɗan ja baya kamar hakan zai rage wani abu.

Auta na tsaye da tiren ruwan sanyi a hannu, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wata bakwai ta yi tana roƙon Abba ya yarda ya ga mutumin nan ko na minti biyar ne. Sau uku ta kira shi da safe tana jaddada masa ya sa fararen kayansa. Ya kuwa sa su. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ya bar keken a gida, don ta ɗauka wannan ba sai an faɗa ba.

Mai Keke suke kiransa a gidan, Umma kuwa in za ta faɗa sai ta yamutsa fuska kamar ta tsinci gashi a abinci. Ma'aikaci ne a ofishin kula da hanyoyi. Kullum safiyar Allah yakan hau kekensa ya bi hanyoyin da aka ware wa masu keke, tun daga na gefen manyan tituna har 'yar siririyar da ta bi bakin babban lambatun gari. Inda sauran mutane ke maƙala gorar ruwa, shi gwangwanin jan fenti na feshi yake maƙalawa. In ya ga rami ya zagaye shi da ja, in ya ga murfin kwata ya ɗago ya zagaye shi, ran Alhamis ya kai rahoto.

A bazara aikin ya fi yawa. Da tsakar rana kwalta takan yi laushi ta riƙe taya, yashi ya taru a kwanonin hanya, bola ta dahu a rana har ta tsiyayo ruwa kan hanya. Duk wannan a jikinsa yake ƙarewa.

"Ya zauna nan waje a kan benci," in ji Umma, ba tare da ta dube shi ba. "Jiya-jiyan nan aka wanke kafet."

Daga cikin falo wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Mai Ƙanƙara ne, mai ƙaton gidan da ake ajiye kifi da kaji a sanyi, inda Yayan Auta yake manaja kuma yake da hannun jari. Shekara guda ke nan yana neman Auta, ita kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Wai wucewa ya zo yi ya ce bari ya leƙo. Wucewar da ta zo daidai da ƙarfe huɗun da aka ba Mai Keke, da sabbin kaya, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki.

Abin takaicin shi ne, ruwan da ya ɓata wandon Mai Keke daga bayan katangar mai dariyar yake fitowa. Hanyar bakin lambatu tana yin kwana a daidai bayan gidan ƙanƙarar. Tun da zafi ya kama wuta ke yawan ɗaukewa, ƙanƙara na narkewa, ta haɗu da jinin kaji da ruwan kifi, wani bututu ya fito da su ta ƙasan katanga ya malale hanyar. Gansakuka ta fito ta yi santsi. Amma an ce gwano ba ya jin warin jikinsa.

Mako biyu a jere Mai Keke yana zagaye wurin da ja, ya rubuta ɗaya, ya dawo ya rubuta biyu. Dokar ofishinsu kuwa ba ta da wuyar ganewa: wurin da aka rubuta wa uku, rufe shi ake yi har sai an gyara.

Abba ya fito da kansa, ya ja kujerar roba ya zauna nesa da bencin da taku uku. Bai bari an gama gaisuwa ba.

"Na ji kai ne kake yi wa ɗana zane-zane a bayan wurin aikinsa."

"Ba shi nake yi wa ba, Abba, hanyar nake yi wa. Mutane na faɗuwa a wurin."

"Mutane na faɗuwa ko'ina. Ni ma bara na faɗi a banɗaki, ban sa an rufe gidana ba."

Mai Keke ya sunkuyar da kai.

"In aka rufe wurin nan cikin wannan zafin, duk abin da ke ciki ruɓewa zai yi," Abba ya ci gaba. "Gumin ɗana na shekara shida ne a ciki. Sun ce in zafi ya wuce za su haƙa su binne bututun. Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi a bar kaza cikin gashinta. In ka zo wurin ka kalli gabanka ka wuce, yadda kowa ke yi."

"Abba..."

"Kana son 'yata?"

"Ina son ta, Abba."

"To mai son shiga gida ba ya farawa da rushe katangarsa. In Alhamis ta wuce lafiya, ka turo manyanka ran Asabar mai zuwa. In ba ta wuce lafiya ba, ka riƙe kekenka in riƙe 'yata. Ba na magana biyu."

Haka Mai Keke ya tashi ya tafi, ko ruwan bai taɓa ba. Auta na jin ƙarar sarƙar kekensa tana nisa, ta juyo ta ga Umma ta ɗauko bokiti tana sheƙa wa bencin ruwa.

*

Da Umma faɗa ta yi da ya fi wa Auta sauƙi. Washegari ta same ta a ɗaki tana guge fararen kayan aikinta, ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

"Ciki ɗaya kuka fito da Yayanki. Shi ya goya ki kina zazzaɓi ya kai ki asibitin da kike taƙama da shi yau. Shi ne za ki zuba ido wani bare ya kashe masa kasuwa da gwangwanin fenti?"

"Umma, ni nake wanke ciwukan nan fa. Ɗakin wankin ciwo aka sa ni tun farkon zafi. Ba ranar da ba a kawo mini wanda ya zame a kwanar nan. Ciwon ma daban yake, tun daga ƙofa nake gane shi da wari."

Umma ta share ido ta dube ta.

"To ba aikinki ba ne? In ba su faɗi ba me za ki wanke?"

Auta ta tsaya da dutsen guga a hannu tana kallon mahaifiyarta. Matar da ba ta iya ganin an yanka kaza, matar da ke ajiye wa kuliyoyin unguwa ruwa a bakin ƙofa.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Umma, murya ta yi sanyi. "Abbanki ya gaji. In yaron nan ya watsa masa ƙasa a ido, kin san wanda zai tura miki, kuma ba ni da bakin hanawa. Ba zai ɗaura miki dole ba, amma zai zuba miki ido ki tsufa a ɗakin nan, kullum mutumin can na falo yana jira. Ki kira shi. Namiji in yana son mace, hawayenta kaɗai ya ishe shi."

Ta so a ce ba ta kira ba. Amma ta kira.

Ba ta ce masa kar ya zana ba, wannan kam ta kiyaye bakinta, don ta samu abin da za ta kare kanta da shi daga baya. Kuka kawai ta yi masa, mai tsawo, tana cewa, "Kar ka bar ni da mutumin nan. Don girman Allah kar ka bar ni."



"Ya isa, Likita," ya ce daga ƙarshe. Haka yake tsokanar ta, ko da yake ya san ma'aikaciyar jinya ce. "Daina kukan. Ba zan zana ba."

Nan da nan gida ya washe. Ran Litinin da yamma Yaya ya shigo yana dariya, ya ce Mai Keke ya zo kwanar ya sauka ya tura kekensa ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Ya ƙara da cewa ya sa leburori sun kankare ragowar tsohon zanen da buroshi, don yana ɓata musu suna. Abba ya gyaɗa kai ya ce ashe yaron yana da hankali. Umma ma ta daina cewa Mai Keke, ta koma "yaron nan naki".

Auta ta yi murna, ba za a ce ba ta yi ba. Sai dai tun daga ranar duk abin da ta sa a baki ba ta jin ɗanɗanonsa.

*

Ran Laraba da hantsi aka turo mata wani tsoho a keken marasa lafiya. Tun kafin a kwance tsumman da ya ɗaure ƙafarsa ta san daga inda ya fito.

Baba Mai Burodi ne. Shekara da shekaru yana raba burodi a shaguna da wani baƙin keke mai akwati a baya, har shagon bakin asibitin shi yake kawo wa. Ga shi da ciwon suga.

Ta sa safar hannu ta jiƙa tsumman, don ya manne da naman. Da ya ɗago, ɗayar ma'aikaciyar da ke riƙe da tiren almakashi ta kau da kai. Ƙwaurin ƙafar ya kumbura ya yi sheƙi, bakin ciwon ya yi kore-kore, ga tsakuwa da ɓawon kifi har yanzu a ciki. Ƙarni da ɗoyi suka cika ɗakin, fankar sama sai juya su take yi.

"Baba, yaushe ka faɗi?"

"Shekaranjiya da la'asar, 'yata."

"Shi ne sai yau?"

"Na ce ko zai bushe da kansa. In na kwanta wa zai kai wa mutane burodinsu?" Ya cije leɓe da ta taɓa wurin, sannan ya yi 'yar dariya. "Laifina ne ma. Idon nan ya yi rauni, ba na ganin ruwan sai na shige shi. Amma ina ganin jan. Kin san yaron nan mai fenti? In na hango jan da yake zanawa daga nesa sai in sauka in tura. To ran Litinin na duba ban ga ja ba. Na ce alhamdu lillahi, an gyara wurin. Sai na taka feda."

Audugar ta suɓuce daga hannun Auta.

"Allah dai ya sa lafiya yake," tsohon ya ci gaba, "don ba ya fashi. Yaron kirki ne, har iska ya taɓa ba ni a taya. Ko kin san shi?"

"Na san shi," ta ce.

Likitan da ke bakin aiki ya shigo ya duba, ya danna sama da gwiwa, ya ce a ba shi gado yanzu-yanzu. A bakin ƙofa ya rage murya ya gaya wa Auta cewa in kumburin ya haura gwiwa kafin jibi, to ƙafar sai abin da Allah ya yi.

Ta gama wankin tsaf, ta naɗe da bandeji, ta yi wa tsohon sannu. Sannan ta wuce banɗaki ta rufe ƙofa ta yi amai har sai da cikinta ya ƙulle. Shekara shida tana aikin nan, ta ga ƙuna, ta ga tsutsa a ciwo, ba ta taɓa amai ba. Ta wanke hannu sau uku da sabulu, tana ɗagowa ta ga fuskarta a madubi ta yi tsaki.

*

Da ta tashi aiki ƙarfe uku ta tarar da motar Mai Ƙanƙara a bakin get, kamar kullum. Kamar kullum kuma ya sauke gilashi kaɗan, iya yadda zafi ba zai shigar masa ba.

"Ranki ya daɗe, rana za ta ƙona mana ke."

Yau ba ta wuce ba. Ta buɗe ƙofa ta shiga.

"Kai ni gidan ƙanƙara."

Har sai da ya waiga ya tabbatar da shi take. Ya ja mota yana washe baki. Ta matsa jikin ƙofa, nesa da turarensa.

"Na ji an ce Asabar za a zo," in ji shi. "Ni dai ban fid da rai ba. Ki yi tunani, namijin da ya sayar da aikinsa don mace ta yi masa kuka, gobe me zai sayar? Ni wallahi da ya zana ma da na fi ganin girmansa."

Maganar ta shige ta, don ba abin da ya fi ciwo irin gaskiya ta fito daga bakin da ba ka so.

Gaban gidan ƙanƙarar fes yake, ƙofar gilashi, tayil fari, har da furanni a tukwane. Ya zagayo zai buɗe mata ƙofar ofis.

"Baya nake son gani."

"Baya? Me za ki yi a baya? Ni kaina ban taɓa zagayawa ba."

"Wani tsoho ya faɗi a can. Mai yiwuwa a yanke masa ƙafa."

"Allah ya kyauta." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma tsakani da Allah, wanda ya ga wannan ranar ya ce sai ya hau keke, ai shi ya so wa kansa."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula, ta juya ta bi lungun gefen katanga ita kaɗai. Bai biyo ta ba, ya tsaya yana kiran ta daga inda tayil ya ƙare.

*

Warin ne ya fara tarbar ta. Sannan ƙudaje, manya masu koren baya, suka tashi buuu suka sake sauka. Bututun na nan a gindin katanga yana tsiyaya ba ƙaƙƙautawa, ruwan ya shimfiɗe kwanar gaba ɗaya, ja-ja a tsakiya, kore a gefe, rana ta dafa shi har yana kumfa. Ga sawun tayoyi nan da suka ja suka karkace. A bakin lambatu ta ga burodi guda biyu a leda, sun kumbura sun yi baƙi.

Ta san ƙarfe huɗu Mai Keke yake biyowa ta nan. Bai makara ba.

Ta hango shi tun daga nesa da hular kwanonsa. Kafin kwanar ya ja birki ya sauka, ya kama kan keken yana turawa, idonsa a gaba kamar an ɗaure masa wuya. Ya rame a kwana huɗun nan. Sai da ya zo daf da ita ya gan ta.

"Likita? Me kike yi a wannan ƙazantar? Matsa baya, za ki ɓata kayanki."

"Baba Mai Burodi yana gadon asibiti."

Ya tsaya cak.

"Ran Litinin ya faɗi a nan. Ya ce ya duba bai ga ja ba, ya ɗauka an gyara." Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. "Yana tambaya ko lafiya kake. Yana sa maka albarka, ni kuwa ina ciro masa ɓawon kifi daga cikin nama."

Mai Keke ya kifa goshi a kan sirdin keken. Ta ga kafaɗunsa na rawa.

"Da na wuce ran Litinin," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "sai da na kai gada na tsaya na ce in koma. Na tuna muryarki na fasa. Tun ranar ban iya haɗa ido da masu keke. Suna ɗaga mini hannu ina kau da kai."

"Ka zana."

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Ke kika ce kar in bar ki."

"Ni na ce. Tun safe nake ƙyamar bakin da ya faɗa."

"Kin san abin da kike cewa kuwa? Abba ba ya magana biyu. Shekara biyu ina jiran ranar Asabar ɗin nan. Na yi wa ɗakin fenti, na gaya wa mahaifiyata, tsohuwa har ta fara kiran 'yan'uwa. Saura kwana uku, Likita. Kwana uku! In an yi abin da za a yi, sai in dawo in zana, ko cikin mako mai zuwa ne."

"Mako mai zuwa kuma a ce ka bari a sa rana. In an sa rana a ce ka bari a ɗaura. In an ɗaura ka zama surukin gida, wa zai bar ka ka taɓa gwangwanin nan? Kafin nan mutum nawa za a turo mini?"

"To ni fa? Ni ba mutum ba ne? Ba wanda zai tausaya mini?"

"Ni nake tausayinka, shi ya sa na zo." Ta share fuska da bayan hannu, wasu hawayen suka biyo. "Ka san ranar da na fara sonka? Ranar da ka kawo wata mata ta karye a hannu, ka tsaya kana tambayar ta daidai inda ta faɗi kana rubutawa, alhali kai ma gwiwarka na jini. Na ce wannan wane irin mahaukaci ne. Shi nake so. Wannan da ke tura keke yana kallon gabansa ban san shi ba, kuma ni na ƙera shi da kukana."

"In na zana na rasa ki."

"In ka zana Abba zai hana ka ni. In ba ka zana ba za a ba ka ni, amma duk ranar da ka miƙo mini hannu warin ƙafar tsohon nan zan ji. Kai ma in ka dube ni shi za ka ji. Ka gaya mini wane irin zama za mu yi."

Wani mai keke ya taho da gudu da buhu a baya, su biyun suka ɗaga hannu a tare suna ihu, "Sauka! Sauka! Santsi!" Mutumin ya ja birki tayar baya ta wulla gefe, da ƙyar ya dafa ƙasa da ƙafa. Ya wuce yana tofar da yawu yana tsine wa masu wurin.

Mai Keke ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya dubi Auta.

"Za ki jira ni? Ko shekara nawa Abba zai yi yana fushi?"

"Ban san abin da zan iya ba," ta ce. "Ba zan ƙara yi maka alkawari da kuka ba. Amma mutumin can ba zai gan ni a gidansa ba, wannan na sani."

Ya ja dogon numfashi, ya miƙo mata kan keken.

"Riƙe mini."

Ta tako cikin ruwan ta karɓa. Ɗumin ƙazantar ya ratsa farin takalminta har safa, tsigar jikinta ta tashi, ba ta matsa ba.

Ya zare gwangwanin ya girgiza, 'yar ƙwallon ciki ta yi ƙara. Ya sunkuya ya fara daga busasshiyar kwalta, nesa da kwanar yadda ko mai raunin ido zai hango, ya ja zanen da kauri ya zagaye ruwan gaba ɗaya. Da ya zo kusa da ita iska ta kaɗo feshin, ya sauka a takalminta da gefen farar rigarta. A gindin katanga, daidai saman bututun, ya rubuta uku, babba. Ya ciro waya ya ɗauki hoto ya tura ofis tun kafin Alhamis ta zo, don ya san zuciyarsa.

Da ya karɓi keken ba su dubi juna ba.

"Gobe zan je in duba Baba," ya ce.

"Gado na shida, ɗakin maza."

*

Kafin rana ta faɗi Auta ta iso gida. Tun daga tsakar gida take jin muryar Abba a falo, cikin nishaɗi, yana gaya wa Umma a aro kujeru daga maƙwabta saboda baƙin Asabar.

A bakin ƙofar falo takalma ke jere, inda kowa ke cire nasa. Auta ta dube su, ta dubi nata. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa taka kafet ɗin Umma da takalmi ba. Ta yi sallama ta shiga da su.

Umma ta ɗago hanci.

"Wai wannan warin kuma daga ina..."

"Namu ne, Umma."

Ta ƙarasa gaban Abba ta durƙusa. Koren sawu huɗu ya biyo ta a kan kafet. Umma ta miƙe tana salati, amma Abba ba sawun yake kallo ba. Idonsa na kan gefen rigarta, inda jan fenti ya yi ɗigo-ɗigo. A kan tebur wayarsa ta fara ruri, sunan Yaya na haskawa. Bai ɗauka ba.

"Ya zana ke nan," ya ce a hankali.

Hawaye na zuba a fuskarta, amma ta ɗago ta dube shi.

"Ya zana, Abba. Ni na riƙe masa keken."